Rukunin Jira

Ranar da babbar mota ta sauke kekunan ɗinki a ƙofar gidan da nake haya, duk unguwar babu wanda ya kai Tela murna. Ita ta share gareji, ita ta riƙa nuna wa masu sauke kaya inda za su jera kwalayen, tana shafa kowanne tana dariya. Abin da ya biyo bayan wannan rana a kan idona aka yi shi, kuma har yau idan na tuna sai in ji zuciyata tana tafasa.

Tela matar babban ɗan gidan ce, wanda ya rasu ya bar ta da yara biyu a ɗakin baya, jikin nawa. Jinyarsa ce ta cinye kekenta, amma sunan sana'ar bai sake ta ba. Gidan na surukarta ne, Inna, sai dai mai faɗa a ji shi ne ƙanin mijin Tela. Yana digiri na uku a jami'a, a fannin tattalin arziki da bunƙasa ƙasa. Bai gama ba tukuna, amma tun shekarar farko Inna ta hana a kira shi da wani suna in ba Dokta ba.

Kekunan na bincikensa ne. Wata ƙungiya ce ta ba shi tallafi ya gano ko keken ɗinki yana fitar da mace daga talauci. Tsarin kuwa shi ne, matan unguwa su ba da sunayensu, kwamfuta ta raba su gida biyu. Rabi za su karɓi keke nan take, rabi su jira har a gama binciken, don a kwatanta waɗanda suka samu da waɗanda ba su samu ba. Waɗannan na biyun su yake kira rukunin jira.

"Anti, ki ba da sunanki mana," in ji shi. "Ke da kika ɗinka min kayan makaranta tun ina yawo ba takalmi? Ai ke ce ta farko."

Ta ba da suna. Da aka tashi rabo, kwamfuta ta jefa ta cikin masu jira.

Ba ta nuna komai a gaban mutane ba. Ita ta koya wa matan da suka samu yadda ake ɗaura bel da zuba mai, har da wadda ba ta taɓa zura zare a allura ba. Sai da kowa ya watse ta tare Dokta a tsakar gida, ina shanya ina jin su.

"Ƙanina, kwamfuta ba ta san ni ba, amma kai ka san ni," ta ce, da wasa a muryarta.

"Shi ya sa ma aka ba kwamfuta aikin, Anti. Ita ba ta da matar yaya." Ya yi dariya. "'Yan watanni ne. Kina rufe ido kina buɗewa an gama."

Sai ga shi keke ɗaya ya yi saura, don mai shi ta bi mijinta sun bar gari kafin a raba. Na ce a raina shi ke nan, Allah ya yanke wa Tela wahala. Ina! Dokta ya sa aka shigar da kwalin falonsa. Matarsa, wadda yaran gida ke kira Madam, ta shimfiɗa masa farin ƙyalle ta ɗora gilashin furen roba a kai. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Tela ce ke share falon nan kowace safiya, ita ke goge ƙurar da ke kan kwalin.

Ta roƙi Dokta aron keken, ko da na yini ɗaya a mako ne. Ya zaunar da ita ya yi mata bayani a tsanake, da irin muryar da ake lallashin yaro ya sha magani.

"Ki gane, Anti. Idan na ba ki, kin tashi daga mai jira, kuma ba ki zama mai keke ba. Kin shiga tsakiya, lissafina ya rikice. Wannan binciken in ya yi kyau, dubban mata za su amfana. Za ki so a ce saboda ke suka rasa?"

Wace mace ce za ta ce e? Ta ce Allah ya kiyaye, ta ɗauki tsintsiyarta.

Bai tsaya nan ba. Ya tara mutanen gida ya ce kada kowa ya yi wa Tela wani alheri na daban har a gama, a bar ta yadda take, don abin da ake son gani ke nan. Madam, wadda da ma ragowar abincin da take miƙa wa yaran yana yi mata nauyi, ta samu hujja daga jami'a. Daga ranar ta koma juye shi a kwandon shara.

Na kasa haƙuri. Akwai wani mai shagon ɗinki a bakin kasuwa da nake koyar da 'yarsa, na yi masa magana, ya yarda Tela ta riƙa hawa keke ɗaya da rana suna raba abin da ta samu. Mako guda ta yi tana zuwa, har fuskarta ta fara washewa. Zancen duniya ba ya ɓuya, ya kai kunnen Dokta. Da yamma ya zo ƙofarta, hannu a aljihu.

"Anti, ba hana ki nake ba. Amma sharaɗin ƙungiya ne, duk mai jiran da ta fara ɗinki sunanta ya fita, kuma ba ta da keke a ƙarshe. Ki zaɓa, na aro na 'yan kwanaki, ko naki na har abada."

Inna ba ta iya irin wannan kwana-kwanar ba. Daga kan kujerarta a baranda ta ɗaga murya yadda ni ma zan ji.

"Duk wanda ya ce zai ɓata wa ɗana karatu, to ya nemi wani gidan. Da 'yar gida da 'yar haya, duk na faɗa."

Tela ba ta da inda za ta da yara biyu. Ta daina zuwa shagon, ta koma wankau, don shi ba ya cikin abin da sharaɗin ya hana.

Da safe take zagaya gidaje ta kwaso kaya a ka, ta zauna a bakin famfo har rana ta juya. Zannuwan gado, labule, kayan makaranta, wandunan makanikai da baƙin mai ya kama. Kayan Madam da na Dokta kuwa a kyauta suke shiga, wai aikin gida ne. Garin sabulu da bilic, ruwan cire tabo, suka fara cin hannunta. Fatar ta yi fari, ta tsattsage, ta koma ja. Hannun nan na san shi, na ga yadda yake yanka yadi ba tare da ta ja layi ba. Yanzu ko kofin shayi ta riƙe sai ta ciji leɓe.

Kowane ƙarshen wata Dokta yakan fito da kujerar roba ya zauna a gabanta, waya a hannu, ya yi mata tambayoyin binciken. Sau nawa kuka ci abinci jiya? Akwai wanda ya kwana da yunwa a makon nan? Kin sayar da wani abu na ɗaki? Da farko tana tsokanarsa.

"Kai da tagarka ke kallon tukunyata, sai na faɗa maka?"

"Sai kin faɗa da bakinki, Anti, haka ƙa'idar take."

Ta faɗa, ya latsa waya, ya ce madalla, ya tashi ya shiga falo inda Madam ta jera masa abinci. Daga baya tsokanar ta ƙare. Sai dai ta amsa da e ko a'a, idonta a kan kumfa.

Wata rana ya tsaya yana kallon hannuwanta a cikin baho. Na ɗauka tausayi ne ya kama shi. Ashe haske yake dubawa.

"Ɗan ɗago su, Anti. Juya tafin. Yawwa, kada ki motsa."

Ya ɗauki hoto, ya sake ɗauka, ya ce ba za a sa fuskarta ba.

Lokacin da aka ce za a gama ya zo ya wuce. Tela ta tambayi Dokta. Ya ce malaminsa ya duba alƙaluman ya ga bambancin bai fito sosai ba, an ƙara wasu watanni. Ya faɗe shi kamar mai ba da labarin an ɗaga ranar wasan ƙwallo. Ita kuwa tukunyarta babba da katifar yara sun riga sun tafi kasuwa.

A cikin ƙarin watannin ne reza ta yanke ta. Wani ne ya manta da ita a aljihun wando, ta cusa hannu tana cuɗawa, ta tsarge ta tsakanin babban yatsa da manuni, a hannun dama. Ta ɗaure da tsumma ta ci gaba, don kayan mutane ba sa jiran ciwo ya warke. Kullum yankan yana cikin ruwan datti. Ya kumbura, ya yi ruwa, ya fara wari. Na kai ta kemis aka wanke aka ba ta ƙwayoyi, mai kemis ya ce ta raba hannun da ruwa, kuma ta je asibiti. In ta raba hannu da ruwa, ta raba yaranta da abinci.

Na je wurin Inna.

"Ɗan karkare ne," ta ce, ko kallona ba ta yi ba. "Wa bai yi ba? Zai nuna ya fashe. Matan yanzu ba ku da jimiri. Mahaƙurci mawadaci, ba keke za a ba ta sabo fil ba?"

Na je wurin Madam. Tana shafa wa farcenta jan fenti.

"Malama, ni fa ba na shiga harkar bincikensa. Kin san shi da aikinsa. Kuma in na yi magana a ce na raba 'yan'uwa."

Dokta na same shi yana goge takalmi, jakarsa a buɗe, zai tafi wani babban taro a wani gari ya gabatar da abin da ya gano. Na ce masa hannun matar yayansa yana ruɓewa, ga motarsa a ƙofar gida, asibiti ba nisa. Ya ajiye burushi ya yi ajiyar zuciya, wai shi abin ya dame shi.

"Malama, kin ɗauka ba na gani? Zuciyata ba dutse ba ce. Amma yadda masu jira ke neman magani da kansu yana cikin abin da muke aunawa. In na sa hannu a nata, sauran fa? Ki bari in dawo, zan san yadda za a yi."

Ban san lokacin da na ce masa Allah ya isa ba. Ya ce ya yafe mini, don ya san ban fahimci yadda ilimi ke tafiya ba.

Yana can zazzaɓi ya kwantar da ita. Na dawo daga makaranta da azahar na tarar da ita kwance a bakin famfo, kayan mutane jiƙe a baho, ƙaramar 'yarta tana yi mata fifita da murfin bokiti. Hannun ya yi baƙi har wuyan hannu. Na tare mota muka tafi, ban nemi izinin kowa ba. Likitan da ya kwance tsumman ya ɗago ya dube ni.

"Ina kuke har ya kai haka? Ba kowa a gidan ne?"

Na ce akwai, har da mai digiri.

Sun yi ƙoƙari, amma sai da suka cire babban yatsan da manuni. Sauran ukun suka ƙage, ba sa lanƙwasuwa. Da ta farfaɗo ta ga naɗin bandeji, ba ta yi kuka ba. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce da ni, "Malama, da wanne zan riƙe almakashi?" Ni ce na fita baranda na yi kukan.

Dokta ya dawo daga taro da fara'arsa. Kafin ya ji labari har ya fara ba Inna nasa, cewa da ya haska hoton hannun nan a bango ɗakin taron ya yi tsit, wata farfesa har da share hawaye, kuma an yi masa tafi a tsaye. Da aka gaya masa inda mai hannun take, ya yi salati, ya garzaya asibiti da ledar lemo. Shi ya biya kuɗin aikin, kuma bai bar kowa a unguwar cikin rashin sanin haka ba. Inna ta riƙa cewa samun ƙanin miji irinsa sai an tona.

Ba a daɗe ba aka rufe binciken. Ya rubuta kundinsa, ya kare shi a gaban malamai, suka tabbatar masa da sunan da Inna ta daɗe da raɗa masa. Abin da ya gano shi ne, matan da aka ba keke sun fi waɗanda ba a ba su ba samun abin kansu, yaransu sun fi ƙoshi, kuma sun fi zuwa asibiti a kan kari. Shekaru aka kwashe, da tafiye-tafiye da taruka, kafin a tabbatar da cewa mai abin yi ya fi marar shi.

Aka shirya liyafa a tsakar gida. An yi hayar kujeru, an kafa rumfa, abokansa na jami'a sun cika wurin da manyan kalmomi. Ana tsakiyar ci da sha ya tafa hannu ya ce a saurara. Aka ɗauke furen roba, aka janye farin ƙyallen, aka fito da kwalin daga falo aka dire a gaban Tela.

"Alkawari kaya ne," in ji shi, "yau na sauke. Anti, ga kekenki."

Aka yi tafi. Mai hoto ya ce ta ɗora hannu a kan kwalin, sai Madam ta yi sauri ta ce na hagu. Tela ta ɗora na hagun, ta ce ta gode, Allah ya ƙara ɗaukaka. Ihu bayan hari. Ta koma bakin aikinta na kwashe kofuna, tana tallafe tire da damtse.

Ni dai na matsa inda Dokta yake tsaye da wani abokinsa, na ce ina da tambaya irin ta marasa ilimi.

"Dokta, a cikin wannan babban littafin naka, a ina aka rubuta yatsun Tela? Me suka nuna?"

Ya yi murmushi, yana juya kwalbar lemo a hannu.

"Ai Anti ba ta ma shiga lissafin ƙarshe ba. Tun rahoton farko malamina ya gano 'yar gida ce, ya ce ƙa'ida ba ta yarda ba, a cire ta. Ka san yadda suke da tsanani," ya juya ga abokin, shi kuma ya gyaɗa kai.

Rahoton farko tun kafin reza ne, tun kafin ƙarin watanni, tun hannunta yana da yatsu biyar.

"To me ya hana ka ba ta keken tun a lokacin?"

"Haba Malama. In sauran masu jira suka ga na ba matar yayana, me za su ce? Sai su ce na yi son kai, su daina amsa tambayoyi, aikin shekaru ya rushe. Shi ya sa ma na ci gaba da yi mata tambayoyin, don kada a gane. Abin yana da sarƙaƙiya."

Bai lura tana bayansa ba. Ta zo ɗaukar kwalaben da ke kan teburin, tiren yana jingine a ƙirjinta. Ba ta yar da shi ba, ba ta ɗaga murya ba.

"Ashe ba na ciki," ta ce.

Ya juyo. "Anti, ba haka..."

"Duk watannin nan ba na ciki. To ni, ƙanina, me nake jira?"

Abokin ya duƙar da kai yana duba wayarsa. Da ƙyar Dokta ya ce, "Yau ranar farin ciki ce, Anti. Mu bar maganar sai an watse."

Daga baranda Inna ta ƙwala kira, ta ce baƙi suna ta zuwa kuma kofuna sun ƙare, me Tela take tsaye tana yi.

Ta wuce bakin famfo, na bi ta. Ta zauna a kan 'yar kujerarta, ta matse kofi tsakanin gwiwoyinta, ta fara cuɗa shi da hannun hagu. Na ce ta kawo in wanke. Ta girgiza kai, ta ce gara ta saba, don da shi za ta ci da yaranta daga yanzu. A bayanmu wani ya karɓi makirufo yana yi wa Dokta addu'a, Allah ya sa iliminsa ya amfani talakawa, tsakar gidan gaba ɗaya ta amsa da amin.